Tambayoyi da Amsoshi kan Kayan Aikin da Wakilin AI ke Neman Lambobin Siffofin Ɓera da Su

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu haɗa manhaja da masu binciken ƙwayoyin gado, waɗanda ke son wakilin AI, wato manhajar basirar na'ura da ke aiwatar da ayyuka a madadin mutum, ya riƙa nemo musu kalmomi da lambobi a kundin siffofin ɓerayen gwaji. An fara da na farko-farko, aka gangara zuwa masu wuya. Sunayen da ke cikin kundin da Turanci suke, don haka an bar su yadda kwamfuta ke karɓarsu.

1. Mene ne kundin MP, kuma wa ke kula da shi?

MP gajeren suna ne na Mammalian Phenotype Ontology. Kundi ne da ya tattara siffofin da ake gani ko ake aunawa a jikin ɓera idan wata ƙwayar gado ta canza: ƙiba, ƙarancin jini, kumburin saifa, rashin haihuwa, mutuwa kafin yaye, da dubban irinsu. Ma'aikatan Mouse Genome Informatics, wato MGI, da ke The Jackson Laboratory a garin Bar Harbor na jihar Maine a Amurka, su ne suka gina shi kuma suke kula da shi. Cynthia Smith da Carroll Goldsmith da Janan Eppig ne suka rubuta maƙalar da ta gabatar da shi a mujallar Genome Biology. A yau kalmominsa sun haura 13,000, kuma Rat Genome Database ma na amfani da shi wajen bayanan ɓeran gwaji babba.

Kowace kalma tana da lamba: harufan `MP`, ɗigo biyu, sai alƙaluma bakwai. Ƙarancin jini shi ne `MP:0001577`, sunansa a kundin `anemia`. Bayan lamba da suna, akwai ma'anar da aka rubuta, da laƙabobi, da kalmar da take ƙarƙashinta. Abin da ya raba irin wannan kundi, wato ontoloji, da ƙamus shi ne wannan na ƙarshe: kalmomin suna da asali, wata na haifar wata, har a kai ga tushe ɗaya, `MP:0000001`. Tambaya ta 8 ta yi bayanin amfanin wannan nasaba.

2. Me ake nufi da kayan aiki idan ana maganar wakilin AI?

Ƙaramin aiki ne na manhaja da aka bai wa suna, aka rubuta masa bayani, aka faɗi irin abin da yake karɓa. Samfurin harshe, wato ƙwaƙwalwar wakilin da ke karanta rubutu tana samar da amsa, ba ya gudanar da shi da kansa. Yana rubuta buƙata ne, misali a nemo `enlarged spleen`, sai manhajar da ke riƙe da shi ta gudanar da aikin, ta mayar masa da amsa ya ci gaba da tunani a kai.

Hanyar da ta fi yaɗuwa wajen haɗa irin waɗannan kaya ita ce Model Context Protocol, MCP a taƙaice, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024. Saƙonninta na tafiya da tsarin JSON-RPC 2.0. Wakili na tambayar saba, wato manhajar da ke ɗauke da kayan aikin, jerin kayan da take da su ta `tools/list`, sannan ya kira wanda yake so ta `tools/call`. Sabar na iya zama a kan kwamfutarka, ko a nesa ta HTTP. Wanda ba ya son MCP zai iya rubuta ayyukan nan kai tsaye a tsarin kiran aiki na samfurin da yake amfani da shi; abin da ke ciki ɗaya ne.

3. Samfurin ai ya karanta dubban maƙalu. Me zai hana ya faɗi lambar da ka?

Zai faɗa, kuma nan matsalar take. Alƙaluman ba su ɗauke da wata ma'ana da za a iya cankowa daga sunan. Dubi waɗannan: `MP:0001260` ƙarin nauyin jiki ne, `MP:0001261` ƙiba, `MP:0001262` raguwar nauyin jiki. Kuskuren alƙalami ɗaya ya mayar da ɓera mai ƙiba ramamme. Haka `MP:0000691` babbar saifa ce, `MP:0000692` kuma ƙarama. `MP:0001925` rashin haihuwar namiji, `MP:0001926` na mace.

Abin da ya ƙara munin lamarin shi ne lambar da samfurin ya ƙago kan fito da siffa cikakkiya, alƙaluma bakwai cif, kuma sau da yawa tana nan a kundin, sai dai ta wata kalma ce dabam. Duba tsarin lamba kaɗai ba zai kama ta ba. Don haka doka ta farko, wadda ya kamata a rubuta a umarnin wakili kuma a tilasta ta a cikin manhaja, ita ce: kowace lamba da za ta fita a amsa sai ta kasance wani kayan aiki ne ya dawo da ita a wannan zaman. Rubuta dokar a umarni kawai bai isa ba. A sa mataki na ƙarshe wanda ba samfurin ke yi ba, ya ɗauki kowace lamba da sunan da aka jingina mata, ya gwada su da kundin, ya ƙi duk wadda ba ta yi daidai ba.

4. Ayyuka nawa ya kamata in ba wakilin?

Huɗu sun isa yawancin aiki. Na farko bincike da rubutu, ya dawo da 'yan takara. Na biyu ɗauko kalma ɗaya da lambarta, ya dawo da suna, ma'ana, laƙabobi, iyaye, da ko an yi mata ritaya. Na uku hawa da sauka a nasaba, kakanni ko jikoki. Na huɗu tantancewa: a ba shi jerin lambobi da sunaye ya ce wanne ne daidai. Neman ƙwayoyin gadon da ke jawo wata siffa aiki ne na daban, daga wata majiya, kamar yadda Tambaya ta 10 ta nuna.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne girman amsa. Idan aka miƙa wa samfurin ɗanyen JSON na sabar waje yadda ya zo, da adireshi da alamomin shafi da filayen da ba ruwansa da su, kalma ɗaya za ta cinye gurbin da kalmomi goma za su zauna a cikin iyakataccen rubutun da samfurin ke iya riƙewa a lokaci guda. A tace amsar bincike ta rage lamba, suna, jimla ɗaya ta ma'ana, da ko sunan ne ya dace ko laƙabi. Sakamako goma ya isa, tare da faɗin jimillar abin da aka samu, don wakilin ya san akwai saura. Bayanin da aka rubuta wa kowane aiki ma yana da nauyi, domin shi kaɗai samfurin ke karantawa kafin ya zaɓa. A faɗa a ciki ƙarara cewa wannan na ɓera ne, ba na mutum ba, kuma ba ya neman cututtuka.

5. Daga ina aikin zai ɗebo kalmomin: daga intanet ko daga kwafi a kwamfuta?

Ta intanet, mafi sauƙi ita ce Ontology Lookup Service, OLS, ta cibiyar EMBL-EBI da ke Hinxton kusa da Kambrij a Ingila. Ba ta neman rajista. BioPortal ma na ɗauke da MP, amma sai an yi rajista an karɓi mabuɗin API. Ribar wannan hanya ita ce ba ka da ɗawainiyar sabuntawa. Asararta kuma, kundin na iya canzawa tsakanin yau da wata mai zuwa ba ka sani ba, kuma wakili ɗaya kan yi kira goma ko ashirin a kan maƙala guda, kowanne yana jiran layi.

Kwafi a gida ya fi ga duk aikin da za a so a maimaita. Ana sauke `mp.obo` ko `mp.owl` daga adireshin dindindin na OBO, haɗakar kundayen ontoloji na ilimin halittu, `purl.obolibrary.org/obo/mp.obo`, ko daga ma'ajiyar `mgijax/mammalian-phenotype-ontology` a GitHub. Fayil ɗin OBO rubutu ne zalla, ana iya buɗe shi a karanta da ido, kuma shiryayyun manhajojin Python irin su `pronto` da `obonet` na loda shi cikin daƙiƙoƙi. Wanda ke son abu shiryayye ya girka Ontology Access Kit, OAK a taƙaice, da `pip install oaklib`, sannan `runoak -i sqlite:obo:mp info MP:0001577` zai sauke kwafin SQLite a karon farko, ya riƙa amsawa daga gare shi bayan nan. Inda intanet ke ɗaukewa yana dawowa, wannan ita ce hanyar da ba ta barin aiki a tsakiya. A saman fayil ɗin OBO akwai layin `data-version`. A adana shi tare da kowane sakamako.

6. OLS na dawo mini da 404 alhali kalmar tana nan. Kuma wani lokaci tana kawo lambobin da ba na MP ba. Me ke faruwa?

Matsala biyu ce dabam-dabam. Ta farko daga adireshi take. Cikakken sunan kalma a OWL, tsarin fayil ɗin `mp.owl`, adireshi ne, `http://purl.obolibrary.org/obo/MP_0001577`, da layin ƙasa a maimakon ɗigo biyu. Idan za a saka shi a cikin hanyar adireshin OLS, sai an lulluɓe alamominsa, wato an mayar da su lambobi masu farawa da `%`, sau biyu: ɗigo biyu ya zama `%253A`, ba `%3A` ba, karkataccen layi ya zama `%252F`. Lulluɓi ɗaya ne ke jawo kuskuren. Wanda ba ya son wannan wahala ya nemi kalmar ta `obo_id=MP:0001577` a sashen tambaya na adireshin. Ko ta yaya, kada a bar wa samfurin wannan juyi. Aikin ya karɓi `MP:0001577` ko `MP_0001577` ko `mp:0001577`, ya daidaita su da kansa.

Ta biyu kuma, OLS na ɗauke da ɗaruruwan kundaye, don haka binciken da ba a saka masa `ontology=mp` ba zai kwaso na mutum da na kifi da na cututtuka a haɗe. Ko an saka, fayil ɗin OWL na MP na ɗauke da kalmomin aro daga Uberon na sassan jiki, da GO na ayyukan ƙwayoyin gado, da PATO na halaye, da ChEBI na sinadarai, domin da su ake gina ma'anar kalmominsa a tsarin da kwamfuta za ta iya lissafawa. Neman `spleen` na iya fito da saifar kanta a matsayin gaɓa, wadda ba siffa ba ce. A tace sakamako, a bar wanda lambarsa ta fara da `MP:` kaɗai.

7. Binciken ya kawo kalmomi da yawa masu kama da juna, ko bai kawo komai ba. Yaya wakilin zai yi?

A jera matakan daga mai tsauri zuwa mai sassauci. Da farko sunan da ya yi daidai harafi da harafi. In babu, laƙabi: marubucin maƙala zai ce `splenomegaly`, kundin kuwa `enlarged spleen` ya sa a matsayin suna, ya ajiye wancan a laƙabobi. Laƙabobin OBO iri huɗu ne, `EXACT`, `BROAD`, `NARROW` da `RELATED`, kuma na farkon ne kaɗai ke nufin abu ɗaya ne sak. Aikin ya faɗa wa wakilin wane iri ne ya dace. In har yanzu babu, sai a nemi guntun suna, sannan a leƙa cikin ma'ana.

Bincike ta kamancin ma'ana, wanda ke mayar da jimla jerin lambobi ya auna kusanci, yana taimakawa idan marubuci ya yi dogon zagaye. Amma yana da makanta guda da ta dace da wannan kundi daidai: `increased` da `decreased` a gabansa kusan abu ɗaya ne, tunda sauran kalmomin jimlar duk iri ɗaya ne. MP kuwa cike yake da irin waɗannan tagwaye. Saboda haka wannan hanya ta kawo 'yan takara kawai, kada ta yanke hukunci. Wakilin ya buɗe ma'anar biyu ko uku na sama ya gwada su da jimlar asali, yana duba abu uku: wace gaɓa, wane hali, ta wane ɓangare ya karkata. Babbar saifa da ƙarin nauyin saifa kalmomi biyu ne a MP. In maƙalar awo ta yi a sikeli, ta biyun ce.

Tambayar da aka yi da Hausa ba za ta sami komai ba idan aka tura ta yadda take. Wakilin ne zai juya "kumburin saifa" zuwa kalmar da kundin ya sani, ya nema, sannan ya amsa da Hausa yana haɗawa da lamba da sunan asali don mai tambaya ya iya bin diddigi. Idan juyin na da harshen damo, kamar "farfaɗiya" da ka iya nufin cutar ko jijjigar da ake gani, ya tambaya kafin ya zaɓa.

8. Na nemi ɓeraye masu matsalar saifa, aka kawo kaɗan, alhali na san suna da yawa. Ina sauran?

Suna ƙarƙashin 'ya'yan kalmar da ka nema. Masu shigar da bayanai a MGI na zaɓar kalma mafi takamaimai da shaidar ta kai. Ɓeran da aka rubuta masa `enlarged spleen` ba a sake rubuta masa `abnormal spleen morphology`, wato `MP:0000689`, domin an san duk mai babbar saifa yana cikin masu saifar da ba daidai ba. Kwamfuta ce za ta cike wannan giɓi: a ɗauko kalmar da dukkan jikokinta, a nema da su baki ɗaya. A OAK, `descendants -p i` ke yin haka, inda `i` ke nufin a bi dangantakar `is_a` kaɗai.

A kula, nasabar ba bishiya ba ce mai reshe ɗaya. Kalma na iya samun uwa fiye da ɗaya. Kalmomin saifa na hawa zuwa `hematopoietic system phenotype`, `MP:0005397`, kuma suna hawa zuwa `immune system phenotype`, `MP:0005387`. Wanda ya ƙirga ɓeraye a ƙarƙashin manyan rukunai ya tara jimilla zai ƙirga wasu sau biyu. Sannan kada a miƙa wa samfurin jikokin babban rukuni. Na tsarin jijiya kaɗai sun isa su cika masa gurbi. Faɗaɗawar ta faru a cikin manhaja, samfurin ya ga adadi da misalai kaɗan.

9. Wata lamba daga tsohuwar maƙala ta fito da alamar `obsolete`. A jefar da ita?

A'a, a bi sawunta. A tsarin OBO ba a goge lamba, ba a kuma sake ba wata kalma ita. Wadda aka yi wa ritaya na zama da `is_obsolete: true`. In tana da `replaced_by`, magajiyarta ke nan, ana iya musanyawa kai tsaye a rubuta cewa an yi. In `consider` ne kawai, shawara ce, galibi saboda an raba tsohuwar kalmar gida biyu ko fiye, kuma sai an koma maƙalar an ga wacce ake nufi. Akwai kuma `alt_id`: idan aka haɗe kalmomi biyu, lambar ɗaya na iya komawa ta zauna a jikin ɗayar. Aikin da ke duba filin `id` kaɗai zai ce babu irin wannan lamba, alhali tana nan. Kalmar da aka yi wa ritaya ba ta da iyaye, don haka faɗaɗawar Tambaya ta 8 ba za ta taɓa kaiwa gare ta ba. Bayanan da ke ɗauke da ita za su ɓace shiru in ba a fara musanya ta ba.

10. Na samu lambar. Yaya wakilin zai san ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da ita?

Kundin MP bai san sunan ƙwayar gado ko ɗaya ba. Wannan bayani na wurare biyu ne manya, kuma shaidarsu ba iri ɗaya ba ce. MGI na tattarowa daga maƙalun da aka buga, mutane na karantawa suna shigarwa. Tana fitar da fayiloli da ake saukewa kyauta, kamar `MGI_PhenoGenoMP.rpt` da `MGI_GenePheno.rpt`, inda kowane layi ke haɗa jinotaif, wato ainihin canjin ƙwayoyin gadon da ɓeran ke ɗauke da shi, da lambar MP da lambar PubMed ta maƙalar. MouseMine na ba da damar tambayar bayanan nan ta API.

International Mouse Phenotyping Consortium, IMPC, kuwa gwaji take yi da kanta: ana kashe ƙwaya ɗaya a ɓerayen zuriyar C57BL/6N, a bi da su ta jerin gwaje-gwaje iri ɗaya a cibiyoyi daban-daban, a gwada da ɓerayen da ba a taɓa ba. Idan bambancin ya tsallake ma'aunin lissafi, wanda a yawancin awo shi ne p ƙasa da 0.0001, sai a jingina lambar MP. Ana tambayar wannan ta sabar Solr ta IMPC a EMBL-EBI, a sashen `genotype-phenotype`, da filaye irin su `mp_term_id`, `marker_symbol`, `zygosity` da `sex`. Wakilin ya faɗi majiyar kowane layi, kada ya gauraya su. Rashin layi a MGI na iya nufin ba wanda ya duba. Rashinsa a IMPC na iya nufin an duba ba a ga bambanci ba, ko ba a kai ga wannan gwajin ba tukuna. Wani ƙaramin tarko: sunan ƙwayar ɓera harafin farko ne kaɗai babba, `Lep`, na mutum kuma duka manya, `LEP`. Tambayar da ta ruɗa su na iya dawowa fayau.

11. Me ya sa ake cewa kada wakili ya ce "ƙwaya kaza na jawo siffa kaza" ya tsaya nan?

Saboda ba a jikin ƙwaya ake rataya siffar ba, a jikin jinotaif ne: wane canji aka yi, kwafi ɗaya ne ko biyu, a kan wace zuriya. Misalin da aka fi sani shi ne ɓeran `ob`, wanda ya ɓulla a The Jackson Laboratory a 1949, aka kuma gano ƙwayarsa ta leptin a 1994 a ɗakin binciken Jeffrey Friedman. Mai kwafi biyu na wannan canji yana ƙiba ƙwarai. A kan zuriyar C57BL/6J sukarin jininsa na hawa na ɗan lokaci ya sauka. A kan C57BLKS/J kuwa ciwon sukari mai tsanani yake kamawa. Canji ɗaya, sakamako biyu. Aikin da ya tattare layukan ya dawo da jerin lambobi a ƙarƙashin `Lep` kawai ya zubar da abin da mai bincike ya fi buƙata. A bar alil, wato takamaiman canjin da aka yi wa ƙwayar, da adadin kwafi da zuriya da jinsi a cikin amsa, ko da za a rage yawan layuka don a samu gurbi.

12. `MP:0011100` da `MP:0011110` kusan suna ɗaya gare su. Mene ne bambancin?

Dukansu mutuwa kafin yaye ne. Na farko `complete penetrance`, wato babu mai kwafi biyu da ya tsira. Na biyu `incomplete penetrance`, wasu sun tsira amma ba su kai adadin da ake tsammani ba. A IMPC ana haɗa iyaye masu kwafi ɗaya-ɗaya, inda lissafin Mendel ke cewa kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan za su zo da kwafi biyu. In an tantance aƙalla 'ya'ya 28 ba a sami ko ɗaya ba, wannan layin ɓerayen, wato masu wannan canji, mai kisa ne. Dalilin 28 shi ne yiwuwar hakan ta faru da sa'a kawai, 0.75 sau kansa 28, bai wuce kusan 3 cikin 10,000 ba. In an same su amma ƙasa da kashi 12.5 cikin ɗari, rabin abin da ake tsammani, sai a ba shi lamba ta biyu.

Ba ƙaramin rukuni ba ne wannan: a maƙalar da IMPC ta buga a mujallar Nature a 2016, layuka 410 cikin 1,751 na farko masu kisa ne. Kuma MP na da kalmomi dabam ga mutuwa a matakan ciki, da lokacin haihuwa, da bayanta. "Kafin yaye" na nufin an san sun mutu amma ba a tsayar da ranar ba. In maƙala ta faɗi ranar ciki da 'yan tayin suka mutu, akwai kalma mafi takamaimai, kuma wakilin ya sauka ya neme ta.

13. Ina aiki a kan sikila. Me ya sa ban sami lambar cutar a MP ba, kuma zan iya amfani da lambobin HP a madadinsu?

MP na siffanta abin da aka gani ne, ba sunan cuta ba. Ɓerayen sikila da aka fi sani, na Berkeley da na ɗakin binciken Tim Townes, waɗanda aka fara bayyanawa a 1997, an cire musu ƙwayoyin himogulobin na ɓera aka sa na mutum. Abin da MP zai ɗauka a kansu shi ne ƙarancin jini, babbar saifa, canjin surar jajayen ƙwayoyin jini, lalacewar ƙoda, kowanne da lambarsa. Sunan cutar kansa na Disease Ontology ne, ko Mondo, ko OMIM. Wakilin da aka tambaya game da cuta ya fara zuwa can, sannan ya dawo MP da siffofin.

Human Phenotype Ontology kuma kundi ne na mutum, da lambobinsa na kansa: ƙarancin jini a can `HP:0001903` ne, babbar saifa `HP:0001744`. Ba a samun lambar ɗaya ta canza harufan ɗayar, kuma samfura na yin wannan kuskure. Ana haye tsakaninsu ne ta teburin daidaitawa na tsarin SSSOM, wanda ke faɗin ko daidai suke sak ko ɗaya ta fi faɗi, ko ta uPheno da Monarch Initiative ke amfani da shi. PhenoDigm, wanda IMPC da Exomiser ke aiki da shi, yana auna kusancin jerin siffofin ɓera da na cutar mutum ya ba da maki. Wasu kalmomin ba su da takwara sam: wutsiya da gashin baki na ɓera a gefe guda, matsalar magana ta mutum a ɗaya gefen.

14. Babu kalmar da ta dace da abin da maƙalar ta bayyana. Sai yaya?

Wakilin ya hau zuwa uwa mafi kusa wadda har yanzu gaskiya ce, ya rubuta jimlar asali a gefenta, ya sa alamar cewa kusantowa aka yi. Dole tsarin amsar ya kasance da gurbin "ban samu ba". In kowane layi sai an cike shi da lamba, samfurin zai cike shi da wani abu. Ana neman sabuwar kalma ta buɗe buƙata a ma'ajiyar kundin a GitHub, da suna, da ma'ana, da uwar da ake ganin ta dace, da maƙalar da ta nuna siffar. Masu kula da kundin ne ke ba da lamba. Kada wakili ko mai shi su ƙirƙiri lambar wucin gadi mai kama da ta MP.

15. Yaya zan gwada wakilin kafin in yarda da shi?

Ka ɗauki maƙalu kamar talatin zuwa hamsin da MGI ta riga ta shigar, ta lambobin PubMed da ke fayilolin Tambaya ta 10, ka ba wakilin sassan sakamako, ka gwada abin da ya fitar da na mutane. Kada makin ya zama daidai ko kuskure kawai. Ka ware kura-kuran: lambar da babu ita, lambar da ke nan amma sunan ba nata ba, wadda aka yi wa ritaya, uwa a inda akwai 'ya, da ɓangaren da ya juye. Biyun farko bai kamata su wuce matakin tantancewa na Tambaya ta 3 ba. In sun wuce, manhajar ce ke da rami. Zaɓar uwa ƙaramin laifi ne, ana auna shi da yawan matakan da ke tsakani. Juyewar ɓangare shi ne babba.

Ka saka tarkuna da gangan. Jimlar da ta ce an duba ba a ga ƙarancin jini ba, don ka ga ko zai jingina `MP:0001577` saboda kalmar ta bayyana. Jimlar da ke maganar ɓerayen kwatance, ko marasa lafiya mutane a sashen tattaunawa. Siffar da ta fito a maza kaɗai. Maƙalar da ke da jinotaif uku a sakin layi ɗaya. Ga layin ɓerayen da aka duba ba a ga komai ba akwai `MP:0002169`, `no abnormal phenotype detected`, amma hukunci ne a kan jinotaif ɗin gaba ɗaya, ba a kan gwaji guda ba, kuma wakilai kan yi saurin ɗaukarsa. Ka adana kowane kira da amsarsa, da `data-version` na kundin, da sunan samfurin. Ka sake gudanar da gwajin duk lokacin da ɗaya daga cikin ukun nan ya canza: kundin, samfurin, ko bayanin da ka rubuta wa ayyukan.